Farantin Baba Sifaniya

Ranar wata Laraba ce ta watan Rajab, shekarar da na cika tara, na fara ganinsa. Ina zaune a bakin ƙofar gidanmu a Tandabawi ina tsince shinkafar masa, rana ta ɗan karkata, sai ga wani dogon tsoho yana hawowa da jaka ɗaya a kafaɗa, yana tafe yana tsayawa yana haki. Unguwarmu a jikin dutse take, mota ba ta shiga, duk mai son zuwa gidanmu sai ya biyo matakala mai karkace-karkace a tsakanin gidaje, saboda haka tun daga nesa ake ƙare wa baƙo kallo. Wannan kuwa ya isa a kalle shi. Jallabiyarsa irin ta kowa ce, amma ya ɗora mata wata baƙar kwat mai kauri a cikin zafin Makka, kansa kuma da wata hula shigen hana-salla, a garin da ba a san wani aiki da ya wuce salla ba. Ya yi mini sallama da Hausar mutanen Damagaram, ya tambaye ni ina ne gidan Sitti Zainabu mai ba da haya. Ina zaune daram a kan dokin ƙofar gidan da yake nema na dube shi na ce, "Ma adri," wato ban sani ba. Sai ya yi dariya, ya ajiye jakarsa, ya ce to bari ya huta a nan har wanda ya sani ya fito.

Ba rashin kunya na yi masa ba, tarbiyyar da aka yi mini ke nan. Mu 'yan takari ne. Iyayena sun zo aikin Hajji daga Kano tun kafin a haife ni, suka yi zamansu ba igama, wato takardar izinin zama. Ina shekara huɗu 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, suka ɗauke mahaifina a wurin aikin gini aka mayar da shi gida, can ya yi jinya ya rasu yana neman hanyar dawowa. Har kullum Umma tana cewa wani ne ya nuna shi da yatsa, ko da yake ba ta taɓa sanin wane ne ba. Daga ita sai ni muka rage, a ɗan ɗakinmu na ƙasa da ke daf da ƙofar gida. Na taso na san abu ɗaya kamar yadda na san Fatiha: ranar da aka kama Umma, tarhil za a kai ta, inda ake tsare masu jiran kora, a sa ta a jirgi, ni kuwa da aka haifa a nan ba ni da takardar nan, ba ni da ta can. Shi ya sa a unguwarmu ba a koya wa yaro amsa tambayar baƙo, ana koya masa ne ya ce bai sani ba.

Duk da haka ba zan ce ƙuruciyata ta tsoro ce zalla ba. Da asuba Umma ke soya masa ta sauka da ita gindin tudu ta sayar wa masu fitowa daga Harami, ni kuma in share ɗaki in wanke tanda, in tafi makarantar Malama Asabe da ke soron gidanta, tunda ta gwamnati ba ta karɓar irinmu. Ranar da motar ruwa ta zo, duk yaran unguwa mu ne a kan matakala da jarkoki, muna hawa muna sauka, ruwa na zuba a riga muna jin daɗin sanyinsa. Da yamma mu yi carafke da tsakuwar dutse, maza su yi langa a lungu, mu kori awakin maƙwabta da ba sa jin kunyar shiga ɗaki su cinye kwali. Tattabaru kuwa ba mai taɓa su, nan Makka ce, sun san haka, shi ya sa suke yi wa mutane kashi a kan shanya ba fargaba. In ka hau rufin gidanmu kana hango hasumiyoyin Harami, kana jin kiran salla kamar a tsakar gida ake yi.

Amma akwai wasan da ba a taɓa yi. A duk faɗin tudun nan ba mai buga farantin ƙarfe a kan rufi, ko yaro ko babba. Wannan ita ce alamarmu. Duk wanda ya fara hango motocin jawazat a gindin tudu sai ya ɗauki faranti ya kwankwatsa, rufi na gaba ya karɓa, na gaba ma ya karɓa, kafin askarawa su hawo rabin matakala marasa takarda sun bi ta hanyar awaki sun ɓace a bayan dutse. Yaron da ya kuskura ya buga faranti don wasa, dukan da zai sha sai ya ba jikokinsa labari. Kowa ya san wannan doka, kuma ba a gaya wa baƙo ita sai an ci gishiri da shi an tabbatar namu ne.

Sitti Zainabu ta ba tsohon nan ɗakin kwano da ke kan rufi. Ita haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya zo da ƙafa ta Sudan, tana da katin 'yar ƙasa, Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta san tsoron da muke ji ba sai dai a labari. Sunansa Malam Idi, amma kafin mako ya zagayo yara sun raɗa masa Baba Sifaniya, domin da bakinsa ya ce ya yi shekaru masu yawa a ƙasar Sifaniya yana aiki a gonakin tumatir da ake rufawa da leda. A nan kuwa ya kashe kansa a wurin manya. Mutumin da ya ga Turai da idonsa, me zai dawo yi a ɗakin kwano a Tandabawi? Ya ce ya koma Damagaram, matarsa ta rasu, ba su da ɗa, sai ya zo Umra ya zauna don yana so in ajali ya zo a binne shi a Makka. Ba wanda ya yarda. Umma ta taɓe baki ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Daga nan komai ya yi sai ya zama hujja. Yana fita da sassafe zuwa kasuwar kayan miya ta Ka'akiyya, inda ya ce yana tantance tumatir, aka ce wa ya bi shi ya gani. Yana yawan tambaya, wane daga wane gari ya zo, yaushe ya zo, yana kewar gida kuwa, aka ce ka ji irin tambayar masu kai rahoto. Ya shuka na'ana'a da tumatir a gwangwanayen madara a kan rufi, yana daɗewa a wurinsu yana kallon unguwa, aka ce ƙirga gidaje yake yi. Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne a kan ji shi yana magana shi kaɗai da wani harshe mai yawan karkaɗa harshe, yana ɗaga hannu sama. Wasu suka ce waya ce ƙarama a cikin kwat ɗin, shi ya sa ba ya cire ta. Wasu suka ce da aljanu yake hira, kuma gaskiya da aljanun ne da mutane sun fi samun kwanciyar hankali.

Ni ma na ɗauki zargin nan na rungume, har ina jin kaina wata babbar mai gadi. Da Umma ta aike ni kwaso shanya sai in laɓe a bayan tankin ruwa ina leƙensa, don in kama shi yana magana da jawazat in zama tauraruwar unguwa. Rannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, 'yar "ma adri" ta fito daga bayan tanki kafin kunama ta gaishe ta. Na fito ina cika ina batsewa, na tambaye shi da wa yake magana. Ya ce da wani matacce ne. Na kusa sakin fitsari. Sai ya ciro wani tsohon littafi da ya sha hannu daga aljihun kwat, ya nuna mini, ya ce waƙoƙin wani mawaƙin Sifaniya ne, kuma kusan duk ya haddace su. Uwar mai gonar da ya yi wa aiki, wata tsohuwa da idonta ya mutu, ita ce take sa shi ya karanta mata da yamma, tunda ya ɗan yi lakwal, wato boko, yana yaro ya san baƙaƙen Turawa, tana gyara masa har harshen ya zauna a bakinsa. Mawaƙin ɗan yankinsu ne, tana alfahari da shi kamar ɗan cikinta.

A hankali, ina ninke zannuwa yana ba shukarsa ruwa, na ji tarihin mutumin nan kaf. An haife shi a wani ƙauye cikin duwatsun kudancin ƙasar, inda har yanzu ruwa ke bin magudanan da Musulmin Andalus suka haƙa. Iyayensa sun so ya karanta shari'a, shi kuwa ya tattara waƙoƙinsa ya gudu babban birni. Shi da abokansa samari suka ce waƙar manyansu ta zama tuwon jiya, su waƙa suke so mai launi da amo, wadda ko ba ka gane ma'anarta ba kunnenka zai ji daɗi. Ya kwana da yunwa ba sau ɗaya ba. Daga baya ya koma rubuta wasan kwaikwayo cikin waƙa, a kan sarakunan Andalus da gidajensu masu maɓuɓɓugan ruwa, sai suna ya zo, dukiya ta zo, ta kuma tafi yadda ta zo don hannunsa ba ya riƙo. Ya haye teku ya yi shekaru yana yawo da 'yan wasansa a ƙasashe masu nisa, ya dawo gida jiki ya shanye, ya tarar da wasu sabbin samari suna cewa waƙarsa ce yanzu tuwon jiya. Baba ya ce abin da ya kama zuciyarsa shi ne mutumin ba Musulmi ba ne, amma yana kukan Andalus kamar shi aka kora daga cikinta. Da na kai wa Umma wannan labari ina zumuɗi, sai ta ce in wanda ba naka ba ya fi ka kuka a gidan mutuwarka, ka duba kayanka. Ta kuma hana ni hawa rufi ni kaɗai.

Sai dai ba ni kaɗai ba ce kuma. Kafin watan Sha'aban ya ƙare yara sun fi goma a wurinsa, domin ya ce zai mayar da ɗaya daga cikin wasannin Hausa mu yi da Salla. Da muka ce ba mu san wasan kwaikwayo ba, ya ce ai tashe muke yi duk azumi, wannan tashe ne mai dogon labari. Labarin wasu mutanen gida ɗaya ne a birnin Garnata da aka ce su tattara su bar ƙasar, kowa yana ɗaure kaya, sai ƙaramar 'yarsu ta rungume bishiyar rumman da ke tsakar gida ta ce ba inda za ta, ita a nan aka haife ta. Ni aka ba yarinyar, wai don taurin kaina ba sai an koya mini ba. Muka yi alkyabba da zanen gado, takobi da kwali, bishiya da tsintsiyar laushi a cikin bokiti. Kullum in za mu fara sai ya buga sandarsa a ƙasa sau uku, ya ce haka ake yi a gidajen wasa na can don mutane su yi shiru. Wasu dattawa suka yi gunagunin wasan kwaikwayo a gari mai alfarma, iyaye mata kuma suka ce dabara ce ta tatsar labari daga bakin yara. Sitti ce ta tsaya mana, don ita mayyar kallon wasannin Masar ce a talabijin. Umma ta bar ni ne kawai saboda ba ta son ɓata wa mai gida rai, amma kullum na sauko sai ta titsiye ni da me ya tambaye ni, me na ce masa.

Ranar uku ga ƙaramar Salla bayan la'asar rufin gidanmu ya cika maƙil. Mata sun zauna a kan tabarmi da kayan Salla da lalle, 'yan mazan da suka zo suna tsaye a bakin matakala, kuma na san rabinsu ba wasa suka zo kallo ba, shi suka zo sa wa ido. Sitti ta sa an kawo shayi a babban faranti. Surutu ya yi yawa, jarirai na kuka, ana gaishe-gaishen Salla. Baba ya buga sandarsa a ƙasa, ba wanda ya ji. Ya sake bugawa, shiru bai samu ba. Ina tsaye a bayan labulen zani na ga ya waiga, ya sauke kofunan shayi, ya ɗauki farantin nan da ludayin ƙarfe. Na buɗe baki, amma kafin murya ta fito ya ɗaga shi sama ya kwankwatsa da iya ƙarfinsa, yana murmushi.

Rufin maƙwabta ya karɓa nan take, na gaba ya karɓa, har tudun ya ɗauki amo gaba ɗaya. Ban taɓa ganin rufi ya zama wayam da sauri haka ba. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, mata da goyo suna turereniya a matakala, takalma a warwatse, shayi ya malale a tabarmi. Mutanen da ke can ƙasa, waɗanda ba su ma san ana wasa ba, suka bar tukwane a wuta suka yi bayan dutse. Umma ta fizgi hannuna muka sauka, ta cilla ni ta kan katangar baya, ita ma ta biyo, sai ta dira a kan dutse ƙafarta ta turguɗe. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Waɗanda suka rage a kan rufi su ne Sitti da 'ya'yanta masu kati, sai Baba Sifaniya tsaye da faranti a hannu, bai san abin da ya faru ba.

Kafin magariba an gama yanke masa hukunci. Ai biri ya yi kama da mutum: ya tara jama'a ne ya buga don ya ga wa zai gudu, yanzu ya san marasa takarda ɗaya bayan ɗaya. Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce shi bai gudu ba, kuma wanda ba ya gudun faranti ai yana da abin da ya taka. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa ba a taɓa gaya masa ba. Ni na san gaskiya, na ga sandar da ya fara bugawa, na faɗa har na gaji, aka ce yarinya ce an sha mata kai. Washegari ya zo ƙofar ɗakinmu da ledar tumatir, ya tsaya a bayan labule ya yi wa Umma sannu.

"Uwar Rabi, wallahi ban sani ba. Don me ba wanda ya gaya mini?"

"Ai ka sani yanzu, Malam," in ji Umma. "Halas, shi ke nan. Ɗauki kayanka."

Ba a iya kai ta asibiti ba, don can ma takarda za a fara tambaya. Wani maɗori Bazabarme ne ya ɗaure ƙafar da karare, ɗorin kuma bai kamu daidai ba. Maƙwabciyarmu ke saukar da masa, ni ina binta da kwanon miya. Manya suka taru suka canza alama: daga yau jan bargo za a shanya a kan tankin gidan mai bagala, wato ɗan kantin unguwa, wanda ake hangowa daga ko'ina. Aka tara mu yara aka sa muka rantse ba za mu gaya wa Baba ba. Aka daina amsa sallamarsa sai ciki-ciki, a masallaci a bar masa gefen sahu. Maza suka je wurin Sitti ta kore shi, ta ce musu, "Ya jama'a, haram alaikum. Tsoho bai ci muku komai ba, baitina ne, gidana, ba inda za shi." Ya ci gaba da zama a samanmu, muna jin takunsa, Umma na kwance tana kallon rufi kamar mai jiran ya rufto. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, domin ko ba da gangan ba shi ya karya ƙafar da muke gudu da ita.

Bayan aikin Hajji, in alhazai sun watse, lokacin ne kame ya fi tsanani. Wata safiya a watan Muharram, da hantsi, na fito zubar da ruwan wanke-wanke na hango jan bargo a kan tanki. Gidan ya fara zarewa shiru, ba ƙarar faranti, sai sawun ƙafa. Sitti, wadda ta saba tsayawa a ƙofa da katinta ta kori 'yan jawazat da surutu, ta tafi Jidda wurin haihuwar 'yarta. Umma ta yunƙura ta dafa bango, ƙafar ta ƙi, ta koma ta zauna. Ta ce in bi maƙwabta, na ce ba inda za ni. Ta ɗaga hannu za ta mare ni, sai ta fasa ta jawo ni jikinta, muka tura ƙyaure muka sa sakata. Ƙyauren yana da tsaga, ta nan nake hangen soro da bakin ƙofar gida.

Baba yana nan a soro yana wanki a baho, don ranar bai je kasuwa ba. Bai san jan bargo ba, amma ba wawa ba ne, ya ga mutane na sulalewa ta baya ba mai ce masa uffan. Ya miƙe ya leƙa waje, ya daɗe yana kallon gangare. Hanyar katangar baya a buɗe take, taku kaɗan ne, kuma ƙafafunsa lafiya lau. Ya juyo ya dubi ƙyaurenmu, har na ɗauka idona yake kallo ta tsagar. Umma ta damƙe hannuna, ta raɗa mini cewa shi ke nan, yau zai miƙa mu. Sai na ga ya ja bahon nan ya girke shi a tsakiyar ƙofar gida, ya zuba sauran ruwan kumfa a ƙasa, ya ɗauki hularsa ya sa, ya zauna ya ci gaba da cuɗa riga.

Askarawa uku ne suka iso suna haki. Na gaba ya ce, "Igama." Baba ya miƙe tsaye, kumfa har gwiwar hannu, ya buɗe baki ya fara zuba waƙar nan da harshen Sifaniya, da ƙarfi, yana ɗaga hannu sama yadda yake yi a kan rufi. Suka dubi juna. Ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya gwada masa Turanci, ɗaya ya ce wataƙila alhaji ne da ya ɓata daga ayarinsa ya zauce. Shi kuwa bai tsaya ba, baiti na bin baiti, ya tare ƙofa da jikinsa da bahonsa. Sai da babbansu ya hawo yana faɗa, ya ce motoci na jira, ya daka masa tsawa ya fito da takarda ko ya wuce gaba. Nan Baba ya tsayar da waƙar, ya juya aljihunsa, ba komai. Babban ya nuna cikin gida ya ce, "Fi ahad juwa?" yana tambayar ko akwai wani a ciki. Baba ya amsa da Larabci tsaf, "Mafi ahad. Ana bas." Ba kowa, shi kaɗai ne. Ɗayansu ya leƙo soro, ya ga ƙasa sharkaf da kumfa, ya dubi takalminsa, ya juya. Suka tafi da shi hannunsa bai bushe ba, kwat ɗinsa na rataye a ƙusa.

Da na ce wannan ya wanke shi a idon unguwa, da na yi ƙarya. Kafin azahar, mutane na dawowa daga bayan dutse, har an samo bayani: ai shiri ne, aikinsa ya ƙare sun zo sun ɗauke mutuminsu, haka suke yi don kada a gane. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu, kuma mu duka an sare mu. Umma ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ja gindi ta fito soro, ta jawo bahon nan gabanta, ta ƙarasa masa wankinsa, ta sa ni na kai shanya. Da wata maƙwabciya ta tsaya a kanta tana cewa ta yi hankali da kayan munafuki, sai Umma ta ɗago ta ce, "Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle namu da bai zama ba." Ban taɓa jin ta ƙara magana a kai ba, amma duk wanda ya zo daga Damagaram sai ta aika an tambaye shi labarin wani dogon tsoho Malam Idi. Ba wanda ya san shi. Tumatirinsa na ci gaba da ba su ruwa har zafi ya ƙone su, wasan kuwa ba a taɓa yin sa ba.

Yau gefen tudun da gidanmu yake an baje shi, dogayen gine-ginen saukar alhazai ne a wurin, ko matakalar ba zan iya nuna inda take ba. Ina zaune a Ka'akiyya, ba nisa da kasuwar da ya ce yana aiki, ina da igama ta dalilin aure, 'ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi, Hausa sai in na yi musu faɗa. Suna buga faranti a kicin don wasa, har yanzu gabana sai ya faɗi. Kwanan baya babbar 'yata ta nemo mini mawaƙin nan a wayarta, ga hotonsa da gashin baki, ta karanta mini tarihinsa da Larabci, na tarar duk abin da Baba ya gaya mini a kan rufi haka yake, bai ƙara ko gishiri ba. Umma ta yi sauran rayuwarta tana ɗingishi, ba a taɓa kama ta ba, ta rasu a ɗakina. Da muka buɗe akwatinta muka sami baƙar kwat ɗin nan a ninke a ƙasan zannuwanta. An yi mata salla a Harami, aka binne ta a Makka. Shi kuwa ban san ƙasar da ta rufe shi ba. Kabarin da ya hawo tudunmu yana nema, Umma ya bar wa.